Ɗakin Inna Hajjo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ummi, ina gaishe ki, ina tambayar gajiyar hanya da kwanan baƙunta. Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa ki saba da ruwan garin da mutanensa, ya kare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Mu nan Roni kowa lafiya. Mahaifiyarki har yanzu tana zuba tuwo da kwanonki, sai ta tuna ta mayar tukunya tana faɗa da kanta.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ki ce, "Baba, an soma asambile," ki yi ta dariya har kati ya ƙare. To tsohon hedimasta bai da wata sana'a sai dogon bayani, yau kuma ba ki da bakin katse ni.

Aikin da aka ɗauke ki na fahimce shi fiye da yadda kike zato. Masu ba da tallafi za su riƙa tura ki wurin ƙungiyoyin da ke gina wa marasa ƙarfi gidaje masu sauƙin kuɗi, ki duba lissafinsu, ki duba ko gidajen sun amfani mutane, ki rubuta ko a ƙara musu kuɗi ko a tsaya. Na yi murna ƙwarai, kuma na ji tsoro kaɗan, domin na taɓa zama a ɗaya gefen teburin.

Kin tuna jajiberin tafiyarki da la'asar, muna tsakar gida kina gwada mana tambayoyin da aka koya miki? Kika tsare mahaifiyarki da lissafin cefane har ta kore ki da muciya. Sannan kika juya, kika nuna ɗakin Inna Hajjo da ke can bayan rumbu, kika ce, "Baba, shi wannan ɗakin, a takarda na waye?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma tambayar ta tsaya mini a rai. Ba ni da amsa, kuma rashin amsar nan yana nufin tsohuwar da ta goye ki tana iya wayar gari wata rana ba ta da wurin kwana. Kin taso kin gan ta a gidanmu, kin san ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, ba ki taɓa jin yadda aka yi ta zo ba. Yau zan gaya miki, don duk abin da na sani game da aikinki a wurinta na koya.

Lokacin kina rarrafe aka yi wata damina mai nauyi. Da marka ta zauna, ruwa ya yi ta zuba ba sassauci, ɗakunan ƙasa suka jiƙe suka dinga zubewa a ƙauyukan da ke tsakaninmu da Gwiwa. Mu 'yan yankin da muke da ɗan abin hannu, malaman makaranta da 'yan kasuwar da ke zaune Kazaure, muka haɗu muka kafa ƙungiya don mu sake gina wa waɗanda ba za su iya tashi da kansu ba. Wanda ya fi kowa zuba kuɗi shi ne Alhaji Ilu, wani mai fataucin shanu a Babura, mutum mai ƙarancin magana. Ni aka ba ajiyar kuɗi da rubutu, wai don ni ne ba a taɓa jin na ci kuɗin jarrabawa ba. Inna Hajjo tana cikin waɗanda aka fara rubutawa. Bafillatana ce mai tallar nono a kasuwar Gwiwa, ba ta daɗe da fita takaba ba, 'yarta ɗaya tilo tana aure can cikin Nijar, ga ɗaki ya faɗi a kan ƙorenta da tabarmarta.

Kuskurena na farko alfahari ne, kuma na ɗauke shi gaskiya. Na rantse duk nairar da ta shigo hannuna sai ta zama bulo ko kwano. Aka ce a ɗauki mutum ɗaya a riƙa biyansa ya tsaya a kan aiki, na ce ba za a ci kuɗin marayu da sunan albashi ba. Aka ce a ware kuɗin man babur, na ce mai son lada ya sa nasa. Magina suka kawo farashi, na zaɓi wanda ya fi kowa araha, na kuma ƙara matse shi har ya yi shiru. Da kuɗi suka so su gaza, na soke katanga, na ce ai ɗaki shi ne gida, katanga ado ce. Ni kuwa ina makaranta Litinin zuwa Juma'a, sai Asabar nake leƙawa, in tarar an share wuri an jera bulo gwanin sha'awa.

Lissafina kuwa, Ummi, da kin gan shi da kin ba ni lambar yabo. Kowane buhun siminti da rasit ɗinsa, kowace ƙusa da shaidarta. Wani mai binciken kuɗi da aka ɗauko daga Kano ya duba ya ce bai taɓa ganin ƙungiyar da ba ta kashe wa kanta komai ba kamar tamu. Na yi mako ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Damina ta biyu sai ga bangon wasu gidajen yana tsagewa. Na sa farce na karci bulo ɗaya, ya zubo mini a tafi kamar garin rogo. Maginin ba ɓarawo ba ne. Na ba shi farashin da ba zai yi aikin ba, shi kuma yana da iyali, sai ya ƙara yashi ya rage siminti, ba kuma wanda yake tsaye da zai ce masa a'a.

Saboda haka idan kika ga ƙungiya tana tutiya da cewa ba ta biyan kowa, ba ta sayen mai, kada ki yi saurin tafa mata. Ki tambaya, to wa yake zuwa ya gani? Rasit yana gaya miki kuɗi sun fita ne kawai, ba ya gaya miki abin da suka zama. Kada kuma ki ɗauki wannan ki yafe wa masu motoci fiye da gidaje, su ma suna nan, za ki gan su da sanyin ofishinsu. Abin da nake nufi, ki auna abin da suka kashe wa kansu da abin da ya tsare, sannan ki je ki karci bulon da farcenki.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Ranar miƙa mukullai aka kafa rumfa, dagaci ya zo da mutanensa, aka yi jawabai. Na kira Inna Hajjo gaban jama'a na ce, "Inna, yaya kika ga gidan?" Ta durƙusa nesa, ta ja mayafi, ta ce, "Malam, ko a mafarki ban taɓa ganin kaina ƙarƙashin kwano ba. Allah ya saka da alheri." Aka ɗauki hotonta tana riƙe da mukulli. Wannan hoton shi na dinga mannawa a gaban kowane rahoto, shi nake nuna wa duk wanda muke neman taimakonsa.

Bayan nan nakan koma dubawa duk shekara, amma ki ji yadda nake dubawar. Sai in aika wa dagaci tun saura kwanaki cewa ina tafe. In iso in tarar an yi shara an yayyafa ruwa. A lokacin mutanen gidan sun riga sun kewaye ɗakunan da darni, tunda mu ba mu yi katanga ba, ni kuma namiji ne, iyakata bakin ƙofa. In yi sallama, ƙanin mijinta Sale ya fito, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo fura. Can a kira Inna ta fito ta durƙusa.

"Inna, ya gida?"

"Gida lafiya lau, Malam."

"Ba ya yoyo?"

"Ko ɗigo."

In rubuta cewa mai gida tana nan, gida lafiya, in sha furata in hau babur. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, gidan lafiya yake kuma ba ya yoyo. Ni ne ban iya tambaya ba.

Mahaifiyarki ce ta tona. Aka yi suna a ƙauyen, wata 'yar ƙawarta ta haihu, ta je da ke a baya. Da aka watse ta ce bari ta leƙa matar hoton nan da ta ishe ta a gida. Ita mace ce, ba ta tsaya sallama a waje ba, ta ɗaga zana ta shige. Ta tarar da ɗakin a buɗe, an yi jere har sama, gado da labule, wata amarya tana zaune da lalle a ƙafa. Ta zagaya baya ta sami Inna Hajjo a wata 'yar bukkar kara, turken awakinta a bakin ƙofa. Suka gaisa, Inna tana ta cewa gida lafiya. Mahaifiyarki ta dube ta ta ce, "Inna, ni ba gida nake tambaya ba. Ke jiya a ina kika kwana?" Inna ta nuna bukkar da leɓe.

Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce mini, "Malam, gidan nan da kake yawo da hotonsa har Babura, amarya ce a ciki. Mai mukullin tana kwana da awaki, damina biyu ke nan." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ki riƙe wannan da kyau. Mutanenmu ba sa kushe kyauta a gaban wanda ya bayar, balle a gaban dagaci, balle Bafillatana mai fulako wadda za ta gwammace ta kwana a ruwa da ta ce an cuce ta. Godiyarsu gaskiya ce, amma ba ita ce amsar tambayarki ba. Kada ki aika kina tafe. Kada ki shiga motar ƙungiyar da kika je bincika, don daga nesa za a ɗauke ki tasu ce, sai ki sha addu'a ki dawo hannu wofi. Ki sauka a tasha ki hau acaba kamar kowa. Kuma Allah ya ba ki abin da bai ba ni ba, ke kina iya ɗaga zana ki shiga. Ki shiga, ki zauna a kan tabarmarsu, ki karɓi jariri, ki bar takardarki a jaka sai hira ta yi nisa. Ki ga inda murhu yake da toka, ki ga inda aka rataye gidan sauro. Sannan ki yi tambayar mahaifiyarki, wadda ba ta je kwas ko ɗaya ba.

Kuskure na uku shi ne tushen duka. Da safe na tafi ƙauyen ina huci, na shirya kai Sale gaban alƙali. Limamin garin ya zaunar da ni ya ce in sha ruwa tukuna. Ya bayyana mini cewa filin da muka yi gini a kai na kakan gidan ne, mahaifin mijin Inna, ba a taɓa raba shi ba. Mu mun gina daidai inda tsohon ɗakinta ya faɗi, muna ganin mutunci ne kada a ɗaga ta daga inda ta saba. Da aka zo rabon gado wannan yanki ya faɗa a kason Sale, kuma rabon daidai aka yi shi. Liman ya tambaye ni, "Malam, da kuka gina, wa kuka shaida wa cewa ginin nata ne ita kaɗai? Ni dai a wurin taro na ji an ce an taimaki gidan marigayi."  Ina da rasit na kowace ƙusa, ba ni da layi ɗaya da ya ce ɗakin na Hajjo ne.

Sale ma da na same shi ba mugun da na zana a zuciyata ba ne. Ya ce, "Malam, wallahi ban kore ta ba. Ɗana ya yi aure, ba ni da ɗaki, na ce su shiga ɗaya ita ta zauna a ɗaya. Ita ta kwashe kayanta." Gaskiya ya faɗa. Ɗaki biyu ne manne da juna, ƙofa na kallon ƙofa, matar da ta haifi sa'ar angon ba za ta kwana bango ɗaya da amarya ba. Da mun yi 'yar katanga a tsakani, da wataƙila ta zauna. Kin ga inda kuskuren farko ya zo ya haɗu da na uku.

Don haka kafin ki tambayi kuɗin kwano, ki tambayi ƙasa. Ta wa ce? An raba gado ko ba a raba ba? Wa ya shaida? Idan bazawara ce ko tsohuwa ko marayu, ki tambaya sau biyu, ki ji daga bakin liman da mai unguwa, ba daga bakin sakataren ƙungiya kaɗai ba. Ki kuma tambaya, da ba a gina wa wannan mutumin ba, da yaya zai yi? Mu cikin waɗanda muka gina wa akwai mai shanu a daji wanda kafin kaka da ya tayar da nasa da kansa. Sunansa ya ƙara mana yawan gidaje a rahoto, bai rage ko mutum ɗaya cikin masu kwana a waje ba.

Na rubuta wa Alhaji Ilu duk wannan, ina da tabbacin zai janye. Na kai masa da kaina Babura ranar kasuwa, na same shi a kara cikin shanu, aka karanta masa. Da aka gama ya ce, "Malam, sai yau na yarda da takardarka. Waccan mai hoto kullum ina mamaki, ni ban taɓa sayen garke ba a samu gurguwa a ciki ba. A ɗauki mai tsayawa a kan aiki, ni zan biya shi." Gidajen da muka yi bayan nan ba su kai na farko yawa ba, amma suna nan tsaye da katangarsu da shaidunsu. Idan na bi hanyar Gwiwa na ga hayaƙi yana tashi a cikinsu, wallahi raina yakan yi fari. Saboda haka kada ki ji tsoron rubuta abin da ya lalace, ƙungiyar kirki ba ta mutuwa don an faɗi gaskiya. Kada kuma ki je da niyyar kama ɓarawo. Yawancin waɗanda za ki tarar irina ne, masu kyakkyawar niyya da ba su iya tambaya ba. Abin da suka yi daidai ki rubuta shi da girmansa.

Ita kuwa Inna, mahaifiyarki ta ce a ɗauko ta. Ta ƙi, aka koma ta ƙi. Sai da mahaifiyarki ta je ta ce mata ita ce ke neman taimako, ciki ya tsufa ga ki kina ƙiriniya ba mai riƙe ki, sannan ta ɗaure ƙorenta ta biyo ta da awaki biyu. Na gina mata ɗakin nan na bayan rumbu, ina tsaye a kan kowane bulo. Tun daga nan nake ganin na biya abin da na ɓata.

Sai ga tambayarki. Na kwana ina juya ta, na ga abin da na yi wa matar nan a ƙauye shi na sake yi mata a gidana, da hannuna, shekara da shekaru. Na gina mata ɗaki mai ƙwari a kan ƙasar da ba tata ba, ban shaida wa kowa ba. Ni ga shi na fara shan maganin hawan jini. Ranar da na rufe ido, gidan nan na magada ne. Yayyenki mutanen kirki ne, na sani, amma Sale ma mutumin kirki ne. Wata rana ɗan wani zai yi aure, a rasa ɗaki, a ce Inna ta ɗan matsa, ita kuma kin san ta, ba sai an faɗa sau biyu ba.

Na je wurin limaminmu na ce ina so in ba ta ɗakin kyauta da filin turkenta. Ya ce kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka tun mai bayarwa yana da rai, kuma ya fi kyau wurin ya fita daban yadda kowa zai gani. Na kira magini, wannan karon ban taya ba, abin da ya faɗa shi na biya. Ya ja katanga daga rumbu zuwa bishiyar darbejiya, ya fasa mata ƙofa ta lungu, ya bar wata 'yar ƙarama ta ciki saboda ita da mahaifiyarki ba za su iya wuni ba su yi gulmata ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci liman da mai unguwa suka zo, yayyenki suka zo daga Kazaure, aka rubuta aka karanta kowa ya sa hannu. Gadonki ya ragu da 'yan taku, ban nemi izininki ba tunda ke kika ja.

Da aka karanta mata ta dubi sabuwar ƙofar ta ce, "Malam, wannan kora ce cikin dabara?" Na ce, "Inna, gidanki ne. Ko ni ba ni da iko da shi." Ba ta yi godiya irin ta ranar rumfa ba, ba ta ce ko a mafarki ba. Ta karɓi mukullin ta ƙulle a bakin zane, ta share ido da bayan hannu, ta ce, "To ai sai ka riƙa sallama."

Washegari da hantsi na zagaya ta lungu, na tsaya a ƙofarta na yi sallama. Shiru. Na sake yi. Ina jin motsinta a ciki, ina jin mahaifiyarki tana ƙunshe dariya. Sai a ta uku ta amsa, ta ce in jira, mai gidan tana tatsar akuya. Na tsaya a rana, maƙwabta suna wucewa suna gaishe ni, kuma tun da na fara harkar gina wa mutane gidaje ban taɓa jin daɗi irin na wannan tsayuwar ba.

Allah ya tsare ki a hanyoyin da za ki bi, ya kai ki ya dawo da ke lafiya. Allah ya sa gaskiya a alƙalaminki da tausayi a idonki, ya raba ki da abin kunya duniya da lahira. Mahaifiyarki da yayyenki suna gaishe ki. Inna Hajjo ta ce in gaya miki ta ajiye miki man shanu, amma idan kin zo hutu ta lungu za ki bi, ki yi sallama kamar kowa.

Wassalam.

Mahaifinki.